Rigimar kara: inda jami'a za ta fara in tana son noman alkinta ƙasa ya karɓu a Sakkwato

Duk wanda ya bi hanyar Illela daga Sakkwato a watan Maris, ya wuce Kware ya nufi Gwadabawa, zai ga gonakin tudu fes kamar tsakar gidan da aka share da sassafe. Babu kara, babu yayi, sai rairayi da ɗan kututturen gero nan da can. Karan ba ɓacewa ya yi ba. Ga wani an ɗaure an jingine jikin bishiya, ga wani an ɗora kan reshe don kada awaki su kai gare shi, ga wani kuma a amalanke ana shiga da shi gari. Bayan wata biyu zuwa uku, in hadarin farko ya haɗu, iskar da ke gabansa ce ke fara isowa. Ta kwashi saman ƙasar ta yi gaba da shi, wanda ya rage kuma ta yi ta zabga wa tsiron gero bulala da shi har ya ƙone ko ya binne. Manomi ya koma ya sake shuka, wata shekarar har sau uku.

Maganin da masana ke kawo wa wannan ciwo shi ne abin da zan kira noman alkinta ƙasa. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta ɗora shi kan abubuwa uku, kamar duwatsun murhu. Na farko, a daina birkice ƙasa da garma, a buɗe daidai inda iri da taki za su shiga kawai. Na biyu, kada a bar ƙasa tsirara, a rufe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na fuskarta da kara ko ganye ko wata shuka mai yaɗo. Na uku, a riƙa haɗa amfani daban-daban ko a riƙa sauya su daga shekara zuwa shekara. Tunanin ya samo tushe ne a Amurka, bayan guguwar ƙurar shekarun 1930 ta kwashe gonakin da garma ta niƙe. Manoman kudancin Brazil suka ɗauke shi a farkon shekarun 1970, kuma a wannan zamanin ne Rattan Lal ya yi ta gwajin shuka ba tare da huɗa ba a IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan.

A duba wuraren nan da kyau. Amurka da Brazil ƙasashen tarakta ne, inda garma ta yi wa ƙasa yawa. Ibadan kuwa ruwa ne ya wadace ta, ciyawa da ganye sai dai a rasa inda za a kai su. Sakkwato ba ko ɗaya ba ce. Ruwanmu na shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan duk yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Manominmu na jigawa tun kaka da kakanni sungumi yake sara wa ƙasa, ya jefa iri, ya take da diddige. Wannan ai shi ne dutse na farko, ko da yake garmar shanu da tarakta sun fara cin ƙarfinsa. Gero da wake da dawa a gona ɗaya kuwa ba wanda ya koya mana. Masu bincike daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya, cikinsu har da David Norman, sun zauna a ƙauyukan Takatuku da Kaura Kimba da Gidan Karma a ƙarshen shekarun 1960, kuma abin da irin wannan bincike ya nuna a arewa shi ne haɗa amfanin da ake yi wa kallon ƙauyanci dabara ce ta rage asara da cin moriyar ƙarfin aiki. Wato duwatsu biyu suna nan, ko da ba su zauna daram ba. Na ukun ne babu, kuma tukunya ba ta zama kan biyu.

Na taɓa kai wannan magana gonar kawuna, ina ɗauke da karatu sabo fil a ka. Ana cikin sarar kara bayan girbi na ce, "Kawu, me zai hana bana a bar karan nan kwance a gona? Ƙasa za ta riƙe laima, iska ba za ta kwashe ta ba." Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Ɗana, karan ga da kaka gani shi na abincin bisashe har ruwa shi sauka. In na bar shi, ko shanun wani su cinye, ko wani shi kwashe cikin dare. To ina ribata?" Na buɗe baki na rufe. Bai musa ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa game da laima da iska ba. Ya riga ni saninsu. Lissafi ya yi mini, kuma lissafinsa ya fi nawa cika.

Kara a ƙasar nan dukiya ce mai masu haƙƙi da yawa. Saniya da jaki suna da rabo. Uwargida tana da rabo, domin da shi ake hura wuta a inda itace ya yi tsada. Danni da rumfa da jinkar ɗaki da rumbu suna jiransa. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa ba ma a maganarta, ita kuɗi ce tsaba, musamman in bazara ta matso ko masu turkar ragon layya sun shigo kasuwa. Abin da ya tsira daga waɗannan, makiyayi yana da tsohuwar al'adar shigowa da garke bayan an kwashe amfani, wanda ya rage gara ta ci, guntun da gara ta bari kuma a tara shi lokacin sassabe a cinna masa wuta. Duk wanda ya ce wa manomi ya bar kara a gona, da dukan waɗannan yake magana, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma ba za a ce a bar wannan dutse a yi da sauran biyun ba. Wani babban nazari da ya fito a mujallar Nature a 2015, wanda ya tattara sakamakon ɗaruruwan gwaje-gwaje daga sassan duniya, ya nuna cewa daina huɗa shi kaɗai yakan rage amfani. Sai an haɗa shi da rufe ƙasa da sauya shuka asarar ke raguwa, kuma inda yake biya shi ne ƙasashe masu ƙarancin ruwa irin namu. Tun kafin nan, a 2009, Ken Giller na jami'ar Wageningen da abokan aikinsa sun yi gargaɗin cewa ana tallar wannan noma a Afirka kamar maganin-duk-cuta, alhali ƙaramin manomi ba shi da karan da zai bari. A tashar ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, da ke Sadore kusa da Yamai, inda ƙasa da ruwa suka yi kama da namu, an gwada shimfiɗa tan biyu na karan gero a hekta ɗaya, aka ga ya tare rairayi sosai ya kuma ƙara amfani. Matsalar ita ce gonar da ta gaji sau da yawa ba ta ma haifar da tan biyun. Wadda ta fi bukatar mayafi ita ce ba ta da shi.

To, a nan ne nake ganin aikin jami'a yake, kuma ba wa'azi ba ne. In jami'a ta ɗauka cewa aikinta shi ne wayar da kai, ta tara manoma a rumfa ta karanta musu duwatsu uku, ta raba hula da lemo, to ta shiga layin masu ayyukan tallafi da suka zo suka wuce. Na ga irin wannan a wani ƙauye: an kafa allo mai kyau a bakin gonar gwaji, an ba mai gonar iri da taki, ya bar kara kamar yadda aka ce. Shekarar da aikin ya ƙare, shekarar ya kwashe karansa. Allon dai yana nan, yara na jifar ƙadangare a kansa.

Abin da jami'a take da shi wanda mai aikin tallafi ba shi da shi, lokaci ne. Aikin tallafi shekara uku ne ko biyar, ita kuwa ƙasar da ta mutu ba ta farfaɗowa a kan jadawalin kowa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana nan tun 1975, tana da gonar tudu a Dundaye, da ta fadama a Kwalkwalawa, da kuma ta Dabagi. Tana iya ware fili ta ce wannan gwaji na shekara ashirin ne, ko shugaba ya sauya ko bai sauya ba. Ba sabon abu ba ne: a Samaru akwai gwajin takin gida da na zamani da aka kafa tun 1950, a Rothamsted ta Ingila kuwa akwai gonar alkamar da ake aunawa tun 1843. Tambayoyin da ke bukatar irin wannan haƙuri su ne waɗanda kawuna zai saurara. Kara nawa ne mafi ƙaranci da zai yi aiki, rabi ko sulusi? In an sare shi daidai gwiwa aka bar gindin tsaye, aka tafi da saman da dabba ta fi so, nawa zai tare daga iska? In ba zai ishi gona duka ba, a shimfiɗa shi a kan fako kawai, inda gara za ta huda ƙasa ruwa ya samu hanya, ko kuwa a jera shi layi-layi a gefen da iska ke shigowa? Shekara ta nawa amfani ke fara ƙaruwa, kuma kafin nan dami nawa ake rasawa? Amsar jigawar Gada ba za ta zama ta lakar fadamar Wurno ba, don haka gwajin ba zai tsaya cikin shingen jami'a ba, dole ya fita zuwa gonakin mutane.

Sai abu na biyu, wanda nake ganin an fi sakaci da shi. Rigimar kara ba ta malamin ƙasa ba ce shi kaɗai, kuma jami'a ce kawai wurin da duk masu hannu a cikinta suke karɓar albashi a gida ɗaya. In ana son kara ya kwana a gona, sai an sama wa kowane mai haƙƙi madadi. Masana dabbobi su zo da maganar ciyarwa: wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, irin wanda IITA ta daɗe tana aiki a kansa a Kano, da datsa kara ƙanana don dabba ta cinye maimakon ta tattake rabi, da jiƙa shi da ruwan yuriya don ya ƙara ƙosarwa. In dami biyu suka yi aikin uku, na ukun ya samu 'yancin zama a gona. Cibiyar binciken makamashi ta jami'ar, wadda tun shekarun 1980 take aiki kan murhu mai tsimin itace da girki da hasken rana, ita ma aikin gona take yi ba ta sani ba, domin duk karan da bai shiga murhu ba ƙasa ce ta samu. Masana gandun daji su zo da shinge mai rai a madadin danni. Injiniyoyi su zauna da maƙeran gari, irin na Maƙera Assada, su fitar da abin shuka da jaki ko sa zai ja ya ratsa cikin kara ba tare da ya sarƙe ba, wanda in ya karye za a gyara shi ranar kasuwa.

Akwai kuma ɓangaren da ba na ƙarfe ko iri ba. Wanda ke noma gonar aro ko ta haya ko ta jingina, me zai sa ya ciyar da ƙasar da baɗi za a iya karɓe ta? Wanda ya bar kara, wa zai hana garke shiga, a zamanin da tsohuwar yarjejeniyar kara da taki tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni, burtali kuma ya zama gona? Wannan aikin masana zamantakewa ne da na shari'a, su zauna da hakimi da arɗo da sarkin noma a fitar da ƙa'idar da gari duka zai yarda da ita. Mutum ɗaya ba ya iya barin kara shi kaɗai a tsakiyar gonakin da aka share, gonarsa za ta zama makiyayar kowa. Sannan a tuna cewa awaki da tumakin gida yawanci na mata ne, murhu ma nasu ne. Taron da aka yi da magidanta zalla a ƙofar fada ya bar rabin masu yanke hukunci a cikin gida, inda ɗaliba mace ce kaɗai za ta iya yin sallama ta shiga.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke tsallake teku neman misali, alhali yana nan bayan Birnin Ƙonni. A yankin Maraɗi, tun daga 1983 da wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara jan hankali a kai, manoma suka koma barin tohon kututture a gona, su zaɓi rassa masu ƙarfi su datse sauran. Suna kiransa sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ya farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, ba tare da an dasa su ba. Amfaninsa ga maganarmu a fili yake: itacen da aka datse ya shiga murhu a madadin kara, ganyen sabara da kalgo ya rufe ƙasa, gawo kuma ya zubar da ganyensa da damina ya ba dabba 'ya'yansa da rani. Wato mayafin ƙasa ba dole ne ya fito daga gero ba. Haka labarin tassa, ramukan da ake haƙa a fako a zuba taki su kama ruwa. A ƙarshen shekarun 1980 aka kwashi wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa, ba tamu ta bakin iyaka ba, aka kai su Yatenga a Burkina Faso, ƙasar su Yakubu Sawadogo, manomin da ya yi suna da irin waɗannan ramuka. Suka gani da ido, suka dawo suka haƙa, maƙwabta suka kwaikwaya, har fakon da ba wanda ke so ya koma ana saye da sayarwa. Ba takarda ce ta yi wannan ba, gani ne ya kori ji. Mota ɗaya cike da manoman Tangaza ko Gudu, in hanya da iyaka sun bari, za ta iya yin abin da taro goma ba su yi ba. Ga jami'a a Tawa, ga wata a Maraɗi, kuma babu bukatar tafinta.

Ɗalibai fa? Karatun digirin noma shekara biyar ne, ɗaya daga ciki ta aikin hannu ce. Da yawan ɗaliban nan 'ya'yan manoma ne daga Sakkwato da Kabi da Zamfara. Maimakon shekarar ta ƙare duka a filin jami'a, ana iya ba kowane ɗalibi ɗan yanki a gonar gidansu, rabi yadda aka saba, rabi a sabuwar hanya, ya auna ya rubuta, wanda ya biyo bayansa ya ɗora. Da ma akwai tsari mai kama da haka da gidauniyar Sasakawa ta kawo wasu jami'o'i, cikinsu har da ta Ahmadu Bello, inda malaman gona masu aiki ke dawowa karatu sannan a tura su su warware wata matsala tare da manoman yankinsu kafin a ba su digiri. Malaman gona sun yi ƙaranci ƙwarai, waɗanda ke nan kuma da yawa an horar da su ne a zamanin da gona mai kyau ita ce wadda aka share tas aka yi mata huɗa miƙaƙƙiya. Mu kanmu haka muka taso: wanda aka ga yayi a gonarsa, raggo ne. Sauya wannan kallo sai da harshen da ke shiga kunne, ta Rediyon Rima, ta saƙon murya a WhatsApp, da rubutun ajami ga dattijan da boko bai kama su ba. Sashen Hausa yana da aiki a nan, ko da na raɗa wa abin suna ne wanda ya fi nawa daɗin faɗa.

Sai dai jami'a ta yi hattara kada ta zama 'yar talla. Darajarta a idon manomi ita ce ba ta sayar da komai, saboda haka ita ce za ta iya faɗin gaskiya mai ɗaci. Daina huɗa yakan ƙara ciyawa a shekarun farko, kuma in ba a yi wasa ba sai noman ya koma dogaro da maganin feshi, a hannun yaran da ke fesa shi ba takalmi ba abin rufe hanci, su wanke tanki a bakin rijiya. Kara na iya ɓoye tsutsar da ke huda gero ta tsallaka zuwa baɗi. Ƙuduji ba ya gudu don an rufe ƙasa kawai. Ƙasarmu kuma tana da yunwar sinadarin fosfaras, in ba a ɗan ciyar da ita ba, ko da ɗan tsunkulen taki a ramin shuka, ba za ta haifi karan da ake faɗa a kansa ba. Manomi damina ɗaya gare shi a shekara, in ta kuɓuce rumbu ne ya zama wayam. Wanda ya ce masa ya gwada, ya kamata ya ce masa ya fara da ɗan gefe, kuma ya ɗauki wani kaso na asarar in ta zo.

Me ya hana a yi duk wannan? Kuɗi na ciki, amma ba shi ne babba ba. Akwai TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai dala miliyan 700 domin jihohin arewa 19 da Abuja, wanda farfaɗo da ƙasa shi ne ginshiƙinsa. Babban cikas yana cikin gida. Malamin jami'a da takardun da ya buga ake ƙara masa girma. Wanda ya raba takardar tambayoyi ga manoma ɗari ya rubuta cewa ƙarancin ilmi da jari ne ke hana su karɓar sabon abu, ya samu makinsa cikin wata shida. Wanda ya yi shekara bakwai yana zarya ƙauye har gonaki hamsin suka sauya, yana iya tashi da takarda ɗaya tak. A Amurka, tun dokar 1914, malamin gona ma'aikacin jami'ar jiha ne, kuma aikin fita wurin manoma ana lissafa shi a matsayin aiki. Mu nan an raba: bincike na jami'a, yaɗawa ta hukumar raya aikin gona ta jiha, cibiyar ƙasa mai haɗa su kuma tana can Zariya. Majalisar malaman jami'a na iya gyara ma'aunin ƙarin girma ba tare da jiran Abuja ba. Ga kuma yajin aikin malaman jami'a: na 2022 ya fara a Fabrairu ya ƙare a Oktoba, wato ya haɗiye damina sukutum, gero kuwa bai san an rufe makaranta ba. Gwaji mai dogon zango sai an ɗora shi a hannun manoma da ma'aikatan gona da ba za su tafi hutu ba. Gabashin jiha, su Isa da Sabon Birni, tsaro ya sa ba malamin da zai tura ɗalibi can yanzu. Amma harabar jami'ar kanta tana da ƙauyuka a ciki da kewayenta, waɗanda ɗalibi zai iya zuwa da ƙafa ya dawo kafin azahar.

Har lokacin da ake kiran manoma kallon gonar gwaji ma yana bukatar gyara. An saba yin taron a Satumba, sa'ad da ko'ina ya yi kore, gonar kirki da ta banza duk sun yi kyau a hoto. Hukuncin kara kuwa a Oktoba da Nuwamba ake yanke shi, da lauje da adda a hannu, a lokacin ne ya kamata malami ya kasance a bakin gona. Taron gani da ido kuma a sa shi a farkon damina, kwana huɗu ko biyar bayan ruwan shuka ya ɗauke, rana na dukan ƙasa. A kai mutum inda aka share ya tona da hannunsa, sannan a matsa taku goma ya ɗaga kara ya tura yatsa ƙarƙashi.